Tallafin PHP a editocin kod na burauza

Tallafin PHP a editocin kod na burauza shi ne aikin koya wa manhajar rubuta kod da ke gudana a cikin shafin intanet yadda za ta gane harshen PHP: ta bambanta kalmominsa da launi, ta daidaita layuka, ta kuma nuna kuskure inda hali ya yi. Kod shi ne jerin umarnin da mai tsara manhaja ke rubuta wa kwamfuta. Fitattun editocin irin wannan su ne CodeMirror da Ace da Monaco. PHP kuwa harshe ne na sabar, wadda wasu ke kira uwar garke. A can ake gudanar da shi, abin da ke isowa burauza sakamakonsa ne kawai. Saboda haka editan yana aiki ne a kan harshen da burauzar da yake zaune a cikinta ba ta ji.

Tarihi

Rasmus Lerdorf ya fitar da PHP a shekarar 1995, kuma tun farko an tsara shi ne don a riƙa cusa shi a tsakiyar HTML. Editocin burauza sun zo daga baya. Marijn Haverbeke ya rubuta CodeMirror a 2007 domin masu karanta littafinsa Eloquent JavaScript su gwada kod a shafin littafin. Harsunan da burauza ke amfani da su ne suka fara samun tallafi, na PHP kuma ya shigo a matsayin gudummawa daga waje. An sake rubuta editan daga tushe a siga ta 2 a 2011, aka kuma yi haka a siga ta 6 da ta fito a 2022. Ace ya fito daga masu Cloud9, kuma a farkon 2011 aka haɗe shi da Skywriter na Mozilla, wanda da ake kira Bespin. Monaco na Microsoft ne, shi ne kuma editan da ke cikin Visual Studio Code.

Yadda edita ke karanta kod

A CodeMirror 5, kowane harshe yana da ƙaramin shiri nasa da ake kira yanayi. Aikinsa shi ne bin rubutu harafi bayan harafi yana yanka shi gutsure-gutsure, yana laƙaba wa kowane gutsure suna: wannan kalmar umarni ce, wannan adadi ne, wannan sharhi ne. Daga sunan ake zaɓar launi. Shirin yana kuma riƙe da bayanin inda yake, misali ko yana cikin alamar zance ko cikin sharhi, domin ma'anar layi ta dogara da abin da ya gabace shi. Edita yakan adana kwafin wannan bayani a wasu layuka, don kada ya koma farkon fayil duk lokacin da aka buga harafi ɗaya.

Idan PHP zalla ne, aikin bai da wuya sosai. Siffarsa ta yi kama da ta C da Java, shi ya sa aka gina yanayin PHP a kan wanda ake kira clike, aka ƙara masa jerin kalmomin PHP da alamar $ da ke fara sunan kowane ma'aji.

Matsalar gauraye

Wahalar tana wajen iyakoki. Fayil ɗaya na PHP yana iya ƙunsar harsuna huɗu: HTML, da CSS da JavaScript da ke cikin HTML ɗin, sannan PHP da ke iya ɓullowa a tsakiyar kowanne. Alamar <?php ce ke buɗe shi, ?> ke rufe shi, akwai kuma gajeriyar <?= da ke fitar da ƙima kai tsaye. Mai fassara PHP a sabar bai damu da abin da ke wajen waɗannan alamomi ba, yana tura shi ne yadda yake. Edita kuwa dole ya fahimci ciki da waje gaba ɗaya.

Misali shi ne wannan layi: <a href="<?= $adireshi ?>">Gida</a>. A idon mai karanta HTML, duk abin da ke tsakanin alamomin zance guda biyu abu ɗaya ne. Amma PHP ya buɗe a tsakiyarsa. Dole editan ya dakatar da HTML a daidai wurin, ya ajiye bayanin cewa yana cikin alamar zance da ba a rufe ba, ya karanta PHP, sannan ya koma ya ci gaba daga inda ya tsaya. Yanayin PHP na CodeMirror 5 yana yin haka ta hanyar riƙe bayani biyu a tare, na HTML da na PHP, yana sauyawa tsakaninsu.

Ko alamar rufewa ba ko'ina take rufewa ba. Idan ?> ta faɗo a cikin alamar zance, ko cikin sharhin da ke tsakanin /* da */, PHP ba ya ɗaukar ta a bakin komai. Idan kuwa a sharhin layi ɗaya take, mai farawa da // ko #, to tana rufe PHP nan take. Editan da ya kuskure wannan ƙa'ida yakan ɓata launin duk abin da ya rage a fayil ɗin. Haka nan rubutun heredoc, wanda ke farawa da <<< da wata kalma da marubuci ya zaɓa da kansa, ba ya ƙarewa sai an sake cin karo da kalmar, don haka sai editan ya riƙe ta, ko da layi ɗari ne a tsakani.

Akwai wani abu da ya shafi masu rubutu da Hausa. Ƙa'idar PHP ta yarda sunan ma'aji ya ƙunshi haruffan da ba na ASCII ba, don haka $ƙasa da $ɗalibi sunaye ne ingantattu. Editan da ya ɗauka cewa haruffan Ingilishi kaɗai ke shiga suna zai yanke launi a kan ƙ ko ɗ, alhali kod ɗin lafiyarsa ƙalau.

CodeMirror 6 ya bi wata hanya. Yana amfani da tsarin Lezer, wanda ke yi wa fayil li'irabi ya gina bishiyarsa, kwatankwacin bishiyar li'irabin jimla a darasin nahawu. Ana fara feɗe fayil ɗin a matsayin PHP, sannan a tattara guntayen da ke wajen alamomin a miƙa su ga mai feɗe HTML tamkar rubutu ɗaya ne da bai yanke ba. Wannan ya fi tsabta, kodayake bai kawar da komai ba: idan wani sharaɗi na PHP ya buɗe alamar HTML a reshe ɗaya, ya sake buɗe irinta a ɗaya reshen, sabar ɗaya kawai za ta fitar, amma edita biyu yake gani.

Gano kuskure

Launi ba ya tabbatar da cewa kod zai yi aiki. Ace yana duba nahawun PHP a bayan fage da wani shiri na JavaScript, yana sa alama a gefen layin da aka manta waƙafi mai ruwa ko baka. Amma bai san ko aikin da aka kira yana nan a sabar ba, ko wace sigar PHP ke gudana a can.

WordPress ya nuna girman wannan giɓi. A siga ta 4.9, wadda ta fito a Nuwamba 2017, an saka CodeMirror a wurin gyara fayilolin jigo da na ƙarin manhajoji. A wannan wuri kuskure ɗaya a fayil na PHP yana iya durƙusar da shafin gaba ɗaya, har da sashen gudanarwa da za a shiga a gyara shi. Ana duba CSS da JavaScript da HTML a cikin burauza, amma PHP sai aka bar wa sabar: idan an adana gyara, shafin yana aika wa kansa buƙata ta gwaji, in kuma ya ci karo da kuskure mai kashe shiri sai ya mayar da fayil ɗin yadda yake a da, ya nuna wa mai gyaran saƙon kuskuren.

Wata hanyar ita ce yarjejeniyar Language Server Protocol, wadda Microsoft ya sanar a 2016 tare da Red Hat da Codenvy. Wani shiri na daban ne ke nazarin dukan fayilolin aikin, editan kuma yana tambayarsa ta saƙonnin JSON-RPC, misali inda aka ayyana wani aiki ko kalmomin da za su iya cike abin da aka fara bugawa. Intelephense da Phpactor na cikin masu yi wa PHP wannan hidima. WordPress Playground kuwa ya ɗauko mai fassara PHP ɗin kansa ya shigo da shi burauza ta fasahar WebAssembly.

Sauye-sauyen harshen

Tallafin ba ya ƙarewa a rana ɗaya, domin harshen yana canzawa. PHP 7.0 na 2015 ya cire alamomin <% da %> da aka aro daga ASP. PHP 7.3 na 2018 ya yarda a tura kalmar rufe heredoc ciki maimakon ta tsaya a farkon layi. PHP 8.0, wanda ya fito a Nuwamba 2020, ya kawo kalmar match da kuma rubutu mai farawa da #[, wanda kafin nan sharhi ne kawai. Editan da ba a sabunta ba yana nuna irin wannan layi da launin sharhi, alhali sabar tana karanta shi a matsayin kod.