Hoton ciki da tambayar juna biyu

A Hausa, kalmar "ciki" tana nufin tumbi da hanji, tana kuma nufin juna biyu. A wannan mahaɗa ce aka fara gane cewa hoton eksire yana da farashin da jiki ke biya.

Wilhelm Röntgen ya gano hasken a garin Würzburg na Jamus ran 8 ga Nuwamba 1895. Illarsa ga masu aiki da shi ba ta daɗe a ɓoye ba: Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison, ya rasu a 1904 bayan an yanke masa hannuwa biyu. A 1928 aka kafa kwamitin duniya na kariya daga hasken a Stockholm. Amma duk hankali yana kan ma'aikaci. Majinyacin da aka haska sau ɗaya, ana ganin ba abin da zai same shi, har ɗaukar hoton mai juna biyu don auna ƙugunta ko duba kwanciyar jariri ya zama ruwan dare a Ingila da Amurka.

Likita Alice Stewart ta Jami'ar Oxford ce ta rushe wannan zato. Ta sa aka yi ta tambayar iyayen yaran da sankara ta kashe, da na yaran da ke raye, abin da ya faru tun suna ciki. A 1956 ta wallafa cewa yaran da aka haska a mahaifa sun kusan ninka sauran haɗarin mutuwa da sankara. Manyan masana sun yi mata ca, ciki har da Richard Doll. A 1962 binciken Brian MacMahon a Amurka ya tabbatar da haɗarin, ko da yake bai kai yadda ta ƙiyasta ba. Duk da haka al'adar ta kai shekarun 1970 kafin ta mutu, kuma sikanin, wanda Ian Donald ya fara gwadawa a Glasgow, ya taimaka wajen binne ta. Tambayar da ake yi wa mace a ɗakin hoto game da jinin al'adarta na ƙarshe gadon Stewart ce.

Ciki ya fi ƙirji cin haske, domin ƙirji iska ce ta cika shi, ciki kuwa nama ne da ruwa. Hoton ƙirji guda kimanin milisibat 0.02 ne, na ciki kuwa wajen 0.7, kusan abin da mutum ke kwasa daga ƙasa da sararin sama cikin wata uku da rabi. Kwanciyar majinyaci ma tana da tasiri. An saba kwantar da shi rigingine, alhali in ya yi rub da ciki hasken ta baya yake shiga, tumbi da hanji su sami ragi. Sai dai mai murɗawar ciki ba ya iya wannan kwanciya.

A Arewa, inda taifot ke yawan huda hanjin yara da matasa, batun ya wuce lissafi. Iskar da ta tsere daga hanji takan taru ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, kuma hoton ƙirji a tsaye ya fi nuna ta, da haske kaɗan. Ana zaunar da majinyaci minti biyar zuwa goma iskar ta hau. Wanda ya galabaita, a kwantar da shi kan haƙarƙarin hagu. Yaron da aka ɗauko daga Magami zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, in an yi gaggawa hoton ya ɓaci, sai an sake: haske ya ninka, tiyata ta yi jinkiri.

Doka ta zo a makare. An kafa hukumar rajistar masu ɗaukar hoton asibiti ta Najeriya a 1987, dokar kariya daga hasken ta fito a 1995, shekara guda kafin a ƙirƙiro Zamfara, hukumar NNRA mai sa ido kan na'urorin kuwa sai a 2001 ta fara aiki.