Daga 1983 zuwa Korona: Shin Mun Shirya Karatu Daga Gida?

Jiya muna tsaka da tattaunawa da malamin da ke duba aikina a Zoom aka ɗauke wuta, wayata ta mutu. Ina zaune cikin duhu a Bosso sai tarihin nan ya faɗo mini.

A 1983 aka kafa FUT Minna. A shekarar ce kuma gwamnatin Shehu Shagari ta kafa jami'ar karatu daga gida, wadda muka sani da NOUN. Wato tunanin a yi karatu ba tare da an shiga aji ba sa'ar jami'ar garin nan ne. Amma a 1984 gwamnatin soja ta dakatar da ita, sai zamanin Obasanjo aka farfaɗo da ita. Wayar salula ta shigo a 2001. JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, zuwa 2015 ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Rajista da biyan kuɗin makaranta duk suka koma intanet, muka ɗauka ai an gama shiri.

Sai ga Maris 2020. Korona ta sa aka rufe makarantu, Ministan Ilimi Adamu Adamu ya ce a koma koyarwa ta intanet. A watan ne ASUU ta tsunduma yajin aiki, ba ta janye ba sai 23 ga Disamba. Wata tara cur! Wasu jami'o'in kuɗi suka ci gaba da darasi, mu 'yan na gwamnati muna gida muna ƙirga kwanaki.

Abin da na fahimta shi ne, kwamfuta ba ita kaɗai ce shiri ba. Sai da wuta, da data mai sauƙin kuɗi, da malamin da aka horar kuma aka biya shi haƙƙinsa. Jiharmu ce ke da Kainji da Shiroro da Zungeru, amma ɗalibi na biyan mai caji kafin ya buɗe darasi. Wanda ke ƙauye kuwa, sai ya nemi tudu kafin ya samu sabis.

To, in gobe aka sake rufe ƙofar Gidan Kwano, mu nawa ne za su iya kare aikin digirinsu daga gida? Kowa ya faɗa mana yadda 2020 ta same shi. Allah Ya kyauta.