Daga Kurkukun Farisa zuwa Lungunan Bagadaza

A 1989 Jordan Mechner ya fitar da wasan Prince of Persia a kwamfutar Apple II. Ƙanensa David ya ɗauka a bidiyo yana gudu da tsalle, ya bi motsin ya zana, mahaifinsu Francis kuma ya tsara kiɗan. Duniyar wasan ba ta wuce kurkuku da fada ba. Kiɗa ba ya tashi sai jefi-jefi, in an mutu ko an haye mataki. Sauran duk shiru ne da ƙarar ƙofar ƙarfe, kuma shirun ne ke sa gaban mai wasa faɗuwa.

Kamfanin Ubisoft ya farfaɗo da wasan a Montreal a 2003. Da aka nemi Patrice Désilets ya ci gaba da shi, sai aikin ya kauce hanya, ya haifi Assassin's Creed a 2007. Nan aka rushe bangon kurkuku. Labarin ya koma 1191, zamanin Salahuddin, a Dimashƙa da Ƙudus da Akka, aka gina garuruwan yadda kowace taga da kowane gungume da ya leƙo daga bango abin kamawa ne a hau. Akka, da ke hannun mayaƙan Turai, an rina ta shuɗi-shuɗi kamar mai makoki, Dimashƙa kuwa rana ta gasa ta jawur. Mai tsara kiɗa Jesper Kyd ya ba kowane gari muryarsa: waƙar coci a can, sarewa da ganguna a nan. Ko ido rufe ka san inda kake.

A wasannin da suka biyo baya an zaga Italiya, Amurka, Masar. Taswira ta yi ta faɗi, a ganina har gari ya ɓace a cikinta.

Assassin's Creed Mirage na 2023 ya dawo da shi. Bagadaza ce ta 861, birni mai da'ira da Halifa Mansur ya kafa a 762, wanda ko tubalinsa bai rage ba. Dole masu zanen suka jingina da rubutun magabata da kufan Samarra. An sa muryoyin Larabci, har kiran salla ana ji daga nesa. Yaron Rano ko Kibiya da ya riƙe abin bugawa a gidan gem ba sai an yi masa bayanin ganuwa da soro da lungu ba. Abin da zai ba shi mamaki kawai, wai mutum ya taka rufin gidan mutane da rana tsaka, mai unguwa bai aiko a kira ubansa ba.