Zoben Ƙura da Siffar Nebula NGC 6302: Nazari kan Ganowa da Yanayinta

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci NGC 6302, nebula mai fiffike biyu da ke cikin rukunin taurarin Kunama. Ta bi tarihin ganowa da ma'aunan da aka samu, sannan ta nuna cewa zoben ƙurar da ke ƙugunta shi ya ba ta siffa, shi ne kuma ya ɓoye tauraronta fiye da shekara ɗari.

1.0 Gabatarwa

Idan tauraro mai matsakaicin nauyi, irin Rana, ya tsufa, yakan kumbura ya watsar da iskar gas ɗin da ke lulluɓe da shi. Ƙwayar da ta rage takan yi zafi ƙwarai, haskenta ya sa gas ɗin ya yi ta walƙiya. Wannan shi ake kira nebula mai kama da duniya, sunan da ya samo asali tun ƙarni na 18, domin a ƙananan madubai takan bayyana kamar wata duniya. Wasu kewayayyu ne, wasu kuwa sun rabe gida biyu. Tambayar ita ce: me ke raba su?

2.0 Tarihin Ganowa

NGC 6302 ta shiga kundin NGC wanda masanin taurari Dreyer ya wallafa a 1888. A 1907 Edward Emerson Barnard ya zana ta, ya kuma bayyana kamanninta. Amma ba a ba da rahoton ganin tauraron tsakiya ba sai a 2009, bayan 'yan sama jannati sun ɗora sabuwar kyamarar WFC3 a kan madubin Hubble cikin watan Mayu. Daga hotunan wannan kyamara Szyszka da abokan aikinsa suka ce sun gano shi, amma nazarin da ya biyo baya ya nuna cewa wani tauraro ne daban.

3.0 Siffofinta

Nisanta daga gare mu yana tsakanin shekarun haske 3,400 da 3,800, faɗin fikafikanta kuma ya haura shekarun haske 2. Mai duban hoton zai ga kamar malam-buɗe-littafi ya shimfiɗa fiffike, ga wani baƙin layi ya ratsa tsakiya kamar ɗamara, wato zoben ƙura. Gas ɗin fikafikan yana gudun da ya wuce kilomita 950,000 a awa guda. Gwargwadon nisan gas daga tsakiya, gwargwadon saurinsa, abin da ke nuna cewa kusan a lokaci ɗaya aka fesar da shi, kimanin shekara 2,200 kafin yanayin da muke gani.

Zafin tauraron ya kai kimanin digiri 200,000 a ma'aunin Kelbin, wato ya ninka na fuskar Rana sau talatin da 'yan kai. A cikin ƙurar an tarar da ƙanƙarar ruwa da lu'ulu'un silikat.

4.0 Tattaunawa

Zoben ƙurar ya riga fikafikan fita, kuma a hankali yake buɗewa. Da iska mai sauri ta taso daga tauraron, sai ta tarar da ƙugu a toshe, ta kwarara sama da ƙasa, kamar ruwan da aka tare wa hanya. Da yake ta gefe muke hangen zoben, kaurinsa ya tsaya tsakaninmu da tauraron. Masana da dama na danganta samuwar irin wannan zobe da tauraro na biyu da ke kewaya na farko.

5.0 Kammalawa

Binciken ya nuna cewa zoben ƙura shi ne mabuɗin fahimtar NGC 6302. Don haka ya kamata nazarin gaba ya karkata ga hasken infirared da igiyoyin rediyo, waɗanda ke iya ratsa ƙura, ta hanyar madubin James Webb da na'urorin ALMA da ke ƙasar Cile. Sinadaran da irin wannan tauraro ke watsarwa, da su ake gina sababbin taurari da duniyoyi.