Izini, Guzuri da Jira: Tarihin Iyayen da Ake Bari a Gida

Idan aka buɗe littattafan tarihin ilimi a ƙasar Hausa, sunayen matafiya ake fara cin karo da su: wane ya je Agadas, wane ya zauna a Alƙahira, wane ya ƙetare teku zuwa Landan. Ba kasafai alƙalami kan waiwayi wanda ya tsaya a ƙofar zaure yana addu'a ba, alhali kowace irin wannan tafiya mutum biyu ne ke yin ta, mai tafiya da wanda ya sallame shi. Wannan maƙala ta ɗauki ɓangaren na biyun. Abin da nake son nunawa shi ne, cikin ƙarni uku hanya ta sauya daga raƙumi zuwa jirgin sama, kuma fargabar iyaye ta sauya tare da ita. Da can suna tsoron kada ɗa ya kasa dawowa. Yau suna tsoron kada ya ƙi.

Fita neman ilimi tsohuwar al'ada ce a wannan yanki. Tun a ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka kafa makaranta a Alƙahira, wadda ta zama masaukin ɗalibai da mahajjatan ƙasarsu. Daga Katsina, Malam Muhammadu al-Kashnawi, masanin lissafi da taurari, ya tafi aikin hajji, ya yada zango a Alƙahira yana koyarwa da rubutu, har ajali ya same shi a can a shekarar 1741. Tarihi ya adana sunansa da littattafansa. A wurin danginsa kuwa, ɗa ne da ya fita bai komo ba. A wancan zamani ƙetare Sahara kan ci watanni, ga ƙishirwa, ga 'yan fashi, ga annoba, labari kuma sai ayari ya kawo shi. Uwar da ta ɗaura wa ɗanta guzuri ta san cewa mai yiwuwa bankwanan ƙarshe take yi.

Saboda girman wannan haɗari ne izinin iyaye ya zama sharaɗi mai nauyi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a 1754, ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas yana ɗaukar karatu. Da malamin ya ɗaura niyyar wucewa Makka, sai Shehu ya juyo gida, domin mahaifinsa bai ba shi izinin wannan tafiya ba. Ƙanensa Abdullahi ne ya adana mana labarin. Mutumin da daga baya ya girgiza sarakunan Hausa, maganar uba ce ta mayar da shi daga kan hanyar ɗakin Allah, kuma Shehu bai taɓa samun zuwa hajji ba har ya rasu a 1817. A ganina babu misalin da ya fi wannan nuna matsayin wanda ake bari a gida: shi ke riƙe da linzamin tafiyar, ko da ƙafarsa ba ta taka hanya ba.

Adabinmu ma ya san wannan uwa mai jira. A cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan gasar 1933, an raba yaro da mahaifiyarsa, ya girma a ƙasar Larabawa har ya zama malami. Ita kuwa ta bi sawunsa cikin hamada, ta faɗa hannun masu bauta, ba ta sadu da shi ba sai dab da cikawarta. Ɗan ya samu ilimi da suna, uwar ce ta biya farashi.

Zuwan Turawa ya kawo sabon nau'in fargaba. An buɗe makarantar Ɗan Hausa a Nassarawa ta Kano a 1909, sannan aka buɗe Kwalejin Katsina a hukumance a 1922, iyaye da yawa kuma suka riƙa ɓoye 'ya'yansu daga masu ɗibar yara zuwa boko. Wanda ke ɗar-ɗar da makarantar da ke cikin garinsu, ina ga a ce masa za a kai ɗansa Ingila? Duk da haka an tafi. Tafawa Ɓalewa ya je Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya bi baya a 1946, Malam Abubakar Gumi kuma ya tafi Bakhtur Ruda ta Sudan a 1954. Jirgin ruwa da gidan waya sun rage tsoron mutuwa a hanya. Abin da ya maye gurbinsa shi ne tambayar da ake yi a zaure cikin raɗa: zai dawo da sallarsa? Zai iya durƙusawa ya gai da manya? Wa zai auro?

Sai dai wannan rukuni yana da abu ɗaya da ya kwantar wa iyaye hankali. Hukuma ce ta tura su, kuma kujera na jiran su a gida. Ɓalewa ya dawo ya zama Firayim Minista, Gumi ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa, Aminu Kano ya ja ragamar siyasar talakawa. Tafiya a lokacin tamkar rance ce da al'umma ta bayar, ana kuma ganin ranar biya. Haka abin ya ci gaba bayan samun mulkin kai a 1960, lokacin da ɗalibai suka bazu zuwa Masar, Saudiyya, Tarayyar Sobiyat da Amurka, iyaye suna jiran wasiƙa ko kaset ɗin da wani matafiyi zai kawo, a taru a tsakar gida a saurari muryar ɗa.

A zamaninmu ƙofar ta ƙara faɗi. Gwamnatin Kano ta tura ɗaruruwan ɗalibai ƙasashen waje tun daga 2012, iyaye masu hali kuma sun riƙa kai 'ya'yansu, maza da mata, Sudan, Indiya, Malesiya, Turkiyya da Yukiren. Wayar hannu ta kashe jiran ayari, ta kuma mayar da labarin tashin hankali abin da ke isowa cikin daƙiƙa. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, iyaye a Kano da Katsina da Sakkwato sun kwana riƙe da waya, suna jin ƙarar harbi ta bayan muryar 'ya'yansu, har aka kwaso ɗaliban a motoci zuwa iyakar Masar da Fot Sudan, aka dawo da su Abuja a jirage. Tsohuwar fargabar hamada ta leƙo, a kan hanyar da kakanninmu mahajjata suka bi da ƙafa.

Amma babban sauyin ya fi yaƙi shiru. Bayan an saki darajar naira a Yunin 2023, dala da ake saya a hukumance a kusan naira 460 ta haura 1,500 cikin watanni. Wannan ya yi wa iyaye dukan biyu. Mai ɗa a tsakiyar karatu ya sayar da fili ko ya kira shi gida hannu rabbana. Mai ɗan da ya gama ya kama aiki kuwa ya tarar ɗan abin da ake turo masa ya zama ginshiƙin gidan.

A gidanmu na ga wannan da idona. Yayana ya tafi karatun likita, ya gama, ya samu aiki a can, yau shekara tara ke nan. Da farko Baba kan ce, "Izinin karatu na ba shi, ban ba shi na zama ba." Da hawan jini ya kama shi, kuɗin magani da na makarantar ƙannenmu suka koma wuyan Yaya, sai na ji shi wata rana a waya yana cewa, "Babana, kada ka yi gaggawa, ka ƙara ko shekara ɗaya ce." Bayan ya ajiye wayar ya daɗe bai yi magana ba. Inna kuwa lissafinta daban ne. Tana ƙirga sallar da aka yi babu shi, da jikar da aka raɗa wa sunanta, wadda ba ta taɓa goya ta ba, take kuma gaishe ta da Hausa mai tuntuɓe ta cikin gilashin waya.

Nan ne tarihin ya juya. Mahaifin Shehu ya hana izini, ɗa ya dawo. Uban yau yana da wannan iko har yanzu, domin 'ya'yanmu da yawa za su haɗa kaya idan aka ce su taho, amma hali ya ɗaure masa baki, da kansa yake sabunta izinin da zuciyarsa ba ta so. Saboda haka ina ganin zargin da ake yi wa matasa na gudun gida, ana jefa musu karin maganar nan ta kowa ya bar gida gida ya bar shi, bai kama gaskiya duka ba. Sau da yawa gidan ne ke roƙon su dakata.

Mutanen 1945 sun dawo ne domin akwai abin da za su dawo su tarar: aji mai jiran malami, asibiti mai jiran likita, albashin da zai riƙe iyali. Duk gwamnati ko attajirin da ke alfahari da yawan ɗaliban da ya ɗora a jirgi, ya kamata a tambaye shi wurin da ya tanadar musu in sun sauka. Kafin a amsa wannan tambaya, iyaye za su ci gaba da rakiya zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, wanda ke ɗauke da sunan mutumin da ya je ya dawo, su yi addu'a, su koma gida su jona waya a caji.