Rabon Ruwan Kogunan Haɗejiya da Komadugu Yobe

Komadugu Yobe kogi ne da ruwan Haɗejiya da na Jama'are ke haifarwa bayan sun bazu a fadamun Haɗejiya da Nguru. Daga nan yake gangarawa gabas, ya zama iyakar Nijeriya da Nijar ta wajen Diffa, ya faɗa Tafkin Chadi.

Rayuwar waɗannan fadamu ta dogara ne kan ambaliya da janyewarta. Ruwa ya cika da damina, kifi ya hayayyafa, a shuka shinkafa. Da ya ja baya sai manoman rani su bi danshi, makiyaya su sauko da dabbobi. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, waɗanda ke tare ruwan da ke shiga Kogin Haɗejiya, sun sauya wannan tsari. Ambaliyar damina ta ragu, ruwan da ake saki domin noman rani da shan birnin Kano kuma ya hana magudanai bushewa. Nan ciyawar kacalla ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyi, ruwa ya karkata ta magudanar Marma zuwa Tafkin Nguru. Wasu ƙauyuka gonakinsu suka nutse, na ƙasa da su kuwa suna neman ruwa ido rufe. Ashe lokacin sakin ruwa ya kai yawansa muhimmanci, abin da masu tsara madatsun ba su ba shi nauyin da ya kamata ba.

Ta fuskar doka ba a rasa takardu ba. Nijeriya da Nijar sun rattaba hannu kan yarjejeniyar Maiduguri a 1990, wadda ta shafi koguna huɗu da suke tarayya a kansu. A 2000 aka sanya Tafkin Nguru da Marma cikin jerin Ramsar na fadamu masu muhimmanci a duniya, a 2006 kuma jihohin Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe suka amince da kafa asusun kula da kwarin kogunan. Aiwatarwa ce ke tafiyar hawainiya, domin makullin Tiga da Challawa yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda babban aikinta ban ruwa ne.

Masarautar Kazaure da ke Jigawa tana da ƙaramin samfurin matsalar. Tun da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991, Kogin Gari ya zama na jihohi biyu: ana tare shi ta ɓangaren Kano, manoman fadamun Kazaure kuma suna jiran abin da aka sako musu.