Tanderu da Gidan Burodi a Arewacin Zamfara

Tun kafin burodi ya zama abin karin kumallo a Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, mutanen wannan yanki sun daɗe da sanin yadda ake haɗa ƙasa da wuta domin sarrafa abinci, domin akwai murhu mai duwatsu uku a kowane gida, akwai tanda ta yumɓu mai ramuka wadda ake toya waina a cikinta, akwai kuma tukubar mahauta, wato tudun ƙasa da toka da ake kafa tsinkayen tsire a kewayensa. Sai dai a duk waɗannan harshen wuta ko garwashi ne ke aikin kai tsaye. Tanderu ya sha bamban da su, saboda jikin ginin ne ke shan zafi ya adana, sannan ya riƙa sakinsa a hankali bayan wutar ta lafa, kuma wannan dabara ta iso yankin ne ta hanyoyi biyu da ke da tazarar ƙarnoni a tsakaninsu.

Hanya ta farko ita ce ta Sahara, kuma harshe kansa ya riƙe shaidarta, domin kalmar tanderu ta samo asali daga tannur ta Larabci, kamar yadda alkama da gurasa da alkaki duk daga Larabci suka shigo. Fataken Gadamas da Tarabulus da suka zauna a birnin Kano suna cikin waɗanda suka yaɗa cin alkama a tsakanin masu sarauta da attajirai. Tanderun gurasa wata babbar tukunya ce ta yumɓu mai buɗaɗɗen baki a sama, wadda ake hura wuta a gindinta har bangonta ya ɗauki zafi, sa'annan mai gashi ta manna curin kwaɓaɓɓen gari a jikin bangon daga ciki. Kano ce cibiyar wannan sana'a har yau, daga can kuma gurasa ta bi 'yan kasuwa zuwa sauran garuruwa. Amma da yake gero da dawa ne abincin Zamfara, alkama kuwa sai da ban-ruwa a fadama lokacin hunturu, gurasa ba ta taɓa ture fura da tuwo ba.

Hanya ta biyu ita ce ta dogo. A shekarar 1929 layin jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Kaura Namoda, garin da ya ɗauki sunan Namoda, jarumin Alibawa na zamanin jihadi, sai garin ya zama ƙarshen layi inda ake loda gyaɗa da auduga, ake kuma sauke kayan kanti. Tare da jirgin ne ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu suka zo da ɗabi'ar cin burodi, wadda ta riga ta kafu a Legas, kuma burodi yana buƙatar wani gini daban, mai shimfiɗaɗɗen daɓe da rufi kamar ƙubba da ƙaramar ƙofa a gefe. Gini ne tsoho a duniya: an tono irinsa a gidajen burodi kusan 30 a birnin Pompeii na Italiya, wanda aman wutar dutse ya binne a shekara ta 79 Miladiyya, kuma da shi ake gasa fiza a birnin Napoli har yau, a zafin da ya haura digiri 400, cikin minti ɗaya da rabi.

Abin da ya kamata a yaba shi ne yadda maginan gargajiya suka karɓi wannan baƙon gini ba tare da wahala ba, domin hannun da ya saba ɗaga rufewa, wato rumbun ƙasa na ajiye hatsi, ya riga ya san yadda ake lanƙwasa bango har ya haɗe a sama ba tare da azara ba. Magini yakan fara da dakali mai ƙwari wanda zai kai ƙugun mutum, ya cika shi da yashi, wasu kuma sukan ƙara gishiri da fasassun kwalabe a ƙarƙashin daɓen saboda imanin cewa suna taimakawa wajen riƙe zafi. A kan daɓen ne ake jera jan bulo, ko tubalin da aka cuɗa da ramno, wato yankakkiyar ciyawar da ke hana ƙasa tsagewa, ana rage faɗin kowane zagaye har ƙubbar ta rufe, sannan a yaɓe bayanta da kauri. Siminti ba shi da amfani a cikin ɗakin wutar, domin zafi yana farfasa shi, yumɓun fadamun kogunan Gagare da Bunsuru kuwa ƙara ƙarfi yake yi idan ya ƙonu. Dole ne kuma a bar sabon gini ya bushe sosai, a fara masa da 'yar ƙaramar wuta kwanaki a jere, in ba haka ba tururin da ke cikin ƙasar zai tsaga shi. Idan ranar aiki ta zo, ana cinna itace a ciki har baƙin hayaƙin da ke jikin rufin ya ƙone ya yi fari, alamar da mai gashi ke dogara da ita a maimakon ma'aunin zafi, sai a kwashe garwashin, a share daɓen, a zura gwangwanayen burodi da doguwar sanda mai faffaɗan kai, a rufe ƙofa.

Fulawa ce ta daɗe tana juya sana'ar. Kamfanin Flour Mills of Nigeria ya fara niƙa alkamar waje a Apapa da ke Legas a 1962, burodi ya yi araha har ya kai teburin mai shayi a kowace tasha, amma da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, sai da masu gidajen burodi suka ɗanɗana kuɗarsu har zuwa ɗage dokar a 1992, kuma alkamar da ake nomawa a madatsar Bakolori ba ta cike gurbin ba. A 'yan shekarun nan itace ya shiga sahun matsalolin, domin dazuzzukan Zurmi da Shinkafi, inda masu faskare ke samo shi, sun zama mafakar 'yan bindiga, har ta kai gwamnatin jihar Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako a 2021, ciki har da babbar kasuwar Shinkafi inda masu tallar burodi ke samun ciniki mai yawa.